Aksul Ɗin Babur Mai Lantarki: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Iya Cinye Ribar Mai Saye A Yola Da Jimeta

YOLA – Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Zamani ta Jimeta da hantsi, ko a kan hanyar da ta haɗa Jimeta da cikin garin Yola a lokacin tashi daga aiki, zai lura da wani abin hawa da ba a saba ganinsa ba shekaru kaɗan da suka shige. Ƙaramin babur ne, ko keke, mai tafiya shiru, ba hayaƙi ba ƙara, kuma mai shi ba ya bin layin gidan mai. Galibin masu sayensa sun yi lissafin kuɗin mai da za su huta da biya, wasu ma sun yi lissafin ranar da batir zai mutu. Abin da ba kasafai ake sanya shi cikin lissafi ba shi ne sandar ƙarfen nan da ke ratsa tsakiyar ƙafar baya, wadda makanikai ke kira aksul ko shaf. Tsawonta bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, amma ran da ta lanƙwashe ko ta karye, babur ɗin gaba ɗayansa zai koma jingine a zaure, kuma a nan ne mai shi zai gane cewa ba a sayar da ita a kowane shago.

Dalilan da suka kawo waɗannan babura kasuwar Adamawa ba ɓoyayyu ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a yawancin Arewa. Jihar Adamawa kuwa tana da nata ƙarin nauyin, kasancewarta a kan iyaka da Kamaru. A watan Yuni na 2024 gidajen mai sama da 1,800 a Adamawa da Taraba suka rufe, sakamakon saɓanin da ya shiga tsakanin ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, IPMAN, da jami'an kwastan a kan kama tankokin mai da sunan yaƙi da fasa-ƙwauri. A waɗannan kwanaki duk mai abin hawan da ba ya shan fetur ya ga ranarsa. Har wa yau, birnin ya daɗe yana fama da dokokin taƙaita babura saboda tsaro. A farkon 2021 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a kan umarnin da ya hana zirga-zirgar babura a ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei, ya kuma taƙaita aikin Keke Napep da dare. Saboda haka ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari a wannan fanni, wajibi ne ya fara tantance wane irin abin hawa ne hukuma ta yarda ya hau titi kafin ya ɗauko kaya.

Lissafin da ke jan hankalin mai saye mai sauƙi ne. Batir mai ƙarfin bolt 60 da amfiya 20, wanda ya yawaita a ƙananan babura, yana ɗaukar wutar da ta kai yunit 1.2. In an haɗa da asarar da ake yi wajen caji, a ce yunit 1.5. Ko da a kan farashi mafi tsada da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, watau Naira 225 kowane yunit, cika batir bai kai Naira 350 ba. In cajin ya kai mutum kilomita 40, kowace kilomita ta tashi a kan ƙasa da Naira 9. Babur mai fetur da ke yin kilomita 40 da lita ɗaya ta Naira 1,000 yana cin Naira 25 ke nan a kilomita. Ma'aikacin da ke yin kilomita 20 a rana, daga Yola zuwa sakatariya a Jimeta ya koma, zai rage wa kansa abin da ya kusa Naira 10,000 a wata. Kuɗi ne mai auki ga mai albashi. Sai dai riba ce da ke taruwa da kaɗan-kaɗan, kamar adashi, kuma gyara guda ɗaya mai tsada yana iya kwashe ta watanni da yawa a yini ɗaya.

Injin da ke cikin ƙafa

Bambancin wannan babur da wanda aka saba da shi shi ne injinsa ba ya ƙarƙashin tanki, yana cikin ƙafar kanta. Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai batir wanda injinsa ke cikin ƙafar baya, kuma a baje kolin Faris na 1900 an nuna motar da Ferdinand Porsche ya tsara mai inji a cikin ƙafafunta. Abin da ya mayar da ita kayan talakawa shi ne masana'antun ƙasar Sin, inda a yau ake da kekuna da babura masu lantarki fiye da miliyan 300.

A cikin irin wannan inji aksul ba ya juyawa. An ɗaure shi tam a jikin babur da noti biyu, kuma a kansa aka dasa dunƙulen koyil na wayar jan ƙarfe. Abin da ke juyawa shi ne gangar waje, wadda aka jera wa maganaɗisu daga ciki, daga 30 zuwa kusan 50 gwargwadon samfuri, kuma ita ce ke ɗauke da taya. Murfi biyu ne ke rufe gefunan, kowanne da boris ɗinsa. Tazarar da ke tsakanin koyil da maganaɗisu ba ta kai milimita 1 ba. Wannan yana nufin aksul ɗin da ya ɗan karkace, ko da ido bai gani ba, ya isa ya sa ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe a ciki.

Aiki uku wannan sanda ke yi a lokaci guda, kuma a nan raunin yake. Ita ke ɗauke da nauyin babur da mahayi da kaya. Ita ce hanyar da wayoyi ke bi su shiga inji, domin an huda cikinta ko an tsaga gefenta: manyan wayoyi uku masu kai wuta, galibi rawaya da kore da shuɗi, da ƙanana biyar na sensar da ke shaida wa kwantirola inda maganaɗisu yake. Watau ɓangaren da aka rarake domin waya shi ne kuma yake ɗauke da kaya. Aiki na uku shi ne wanda masu hawa ba su cika sani ba. Duk lokacin da inji ya tura ƙafa gaba, da irin wannan ƙarfi yake murɗa aksul baya. Abin da ke hana shi juyawa shi ne an shafe gefunansa biyu sun zama fale-fale, faɗinsu milimita 10 a yawancin kekuna, an zaunar da su cikin tsagar firam.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kaɗan, domin shi ne tushen mafi yawan asarar. Matsakaicin inji yana iya ba da ƙarfin murɗa da ya yi daidai da a rataya kilo 4 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Ba wani abu ba ne a ji. To amma wurin da ke tare wannan ƙarfi faɗinsa santimita 1 ne kacal, kashi ɗaya cikin ɗari na mita, saboda haka sai a ninka sau 100. An sami kimanin kilo 400 ke nan, nauyin manyan buhunan masara huɗu, suna ƙoƙarin buɗe bakin tsagar firam duk lokacin da aka murɗa totur daga tsaye. A baburan da injinsu ke taimaka wa birki, ƙarfin yana juyawa ta ɗaya gefen in an taka birki, sai aksul ya riƙa kai da komo a mazauninsa, yana sassauta noti a hankali. Ran da tsagar ta buɗe, aksul zai wulwula a wurinsa, ya naɗe wayoyin ya tsinka su, wayoyin wuta su haɗu, sau da yawa kwantirola ma ta ƙone. Noti guda da ba a ɗaure ba ya jawo asarar abu uku.

Yanayin Yola yana ƙara nasa. Manyan titunan Jimeta sun sami gyara da gadojin sama a 'yan shekarun nan, amma mai babur ba a kan babban titi yake kwana ba. Lungunan unguwanni da hanyoyin da ke fita zuwa Girei da ƙauyukan bakin Binuwai suna da ramuka da yashi, kuma injin da ke cikin ƙafa ba shi da wani abin da ke rage masa duka in ban da iskar taya. Ga kuma lodi. Batir biyar na dalma su kaɗai sun haura kilo 30, sannan a ɗora mutum biyu da buhun shinkafa a kan abin da aka ƙera domin mutum ɗaya ya je kasuwa a wani birnin Sin. Da damina kuma ruwa yana bin ramin waya ya shiga ciki, ya sa tsatsa a mazaunin boris. Baburan da suka kwana cikin ruwa a ambaliyar da ta auka wa unguwannin Yola ta Kudu a watan Yuli na 2025 suna cikin irin waɗanda ya kamata a buɗe injinsu a busar, ko da sun tashi daga baya.

Jarabar walda

Ba kowace lalacewa ce ke bukatar sabon aksul ba, kuma makanike mai gaskiya zai faɗi haka. In tiredi ne kawai ya cinye a baki, ana iya gyara shi da abin yanka tiredi a sa sabon noti. In wayoyi ne suka tsinke a bakin rami alhali ƙarfen yana nan lafiya, sauya waya ya wadatar. Amma in sandar ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko gefunan nan masu faɗi sun murje sun koma zagaye, to babu makawa sai an fitar da ita.

A nan ne yawancin masu babur ke yin kuskuren da ya fi tsada. Abin da aka saba da shi a ƙasar nan, in ƙarfe ya karye a nufi mai walda, kuma mai walda ba zai ce ba ya iyawa ba. Sai dai ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500, alhali fentin da ke lulluɓe da wayar koyil ba ya jure abin da ya wuce digiri 150 zuwa 200, sensa ma haka, maganaɗisu na gama-gari kuwa yana fara rasa ƙarfinsa tun daga digiri 80, masu inganci su kai 120 zuwa 150. Aksul kuma ƙarfe ne mai kai zafi kai tsaye zuwa cikin inji. Ko da an yi sa'a komai bai ƙone ba, wurin da aka yi waldar ba zai miƙe daidai ba, kuma ƙarfen da ke gefen ɗinkin yakan yi gautsi. Zai riƙe mako biyu ko wata guda, sa'an nan ya karye ba tare da sallama ba. In a cikin lungu ne, an yi asarar kuɗi. In a kan gadar Jimeta ne, a tsakanin tirela da Keke Napep, maganar ta wuce ta kuɗi.

Yadda ake sauya shi

Aikin ba sihiri ba ne, amma yana son haƙuri da kayan aikin da mai gyaran babur na bakin titi ba ya ajiyewa. Ana fara cire batir, a ɗauki hoton yadda wayoyi suke a jere kafin a taɓa ko ɗaya, domin in aka sauya wa waya biyu wuri inji zai riƙa karkarwa ko ya juya baya. Sai a yi alama a jikin murfi da ganga domin su koma yadda suke, a kwance kusoshin murfin, a tura dunƙulen koyil ya fito. Wannan mataki yana da haɗari ga yatsu, domin maganaɗisun yana fizgar dunƙulen ya koma ciki da ƙarfin da ya isa ya datse ɗan yatsa.

Bayan an narkar da dalmar da ta haɗa wayoyi an zare su, sai babban aikin. A yawancin injuna an danna aksul ne da ƙarfi cikin tsakiyar dunƙulen, da ɗan ƙaramin ƙarfe a tsaga mai hana shi zamewa, wani lokaci da zoben da ke tare shi. Fitar da shi sai da injin matsa mai aiki da mai, irin wanda ake cire boris ɗin manyan motoci da shi, kuma dole a tallafi dunƙulen ta tsakiyarsa, kada nauyi ya sauka a kan koyil. Mai gaggawar da ya ɗauko guduma zai fitar da aksul, amma zai bar dunƙulen a karkace, ya kashe injin da ya zo ceto. Akwai kuma injuna masu araha waɗanda tun daga masana'anta aka liƙe aksul ɗinsu da walda. Waɗannan sai an sassaƙe ɗinkin tukuna, kuma sau da yawa wahalar ta fi ƙarfin abin da za a ceto. Ƙananan injunan kekuna masu giya a ciki sun fi sauƙin kwancewa, amma aksul ɗinsu ya fi yawan lunguna da matakai, ya fi wuyar kwaikwayo.

Sabon aksul dole ya fi ramin da zai shiga kauri da ɗan abin da bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari na milimita ba. In ya yi sako-sako zai yi wasa, in ya yi kauri da yawa zai fasa mazauninsa. Masu aikin sukan sanyaya shi a firiza domin ya ɗan tsuke kafin a danna shi, abin da a Yola yakan koma neman mai sayar da ƙanƙara. Ana sa sababbin boris da robar hana ruwa, domin rowar kuɗin boris bayan an riga an buɗe inji ba tattali ba ne. Sai a zura wayoyi, a liƙe, a auna da mita a tabbatar babu wayar da ke taɓa ƙarfen aksul kuma sensa uku duk suna amsawa, a mayar da dunƙulen a hankali da kwali a gefe domin kada ya daki maganaɗisu, a shafa gam a bakin murfi a rufe. Wurin ɗaurawa a jikin babur, a sa washa masu harshe da ke kama firam, a ƙara ƙarfen tallafi mai riƙe aksul in injin mai ƙarfi ne, a kuma juya bakin ramin waya ya kalli ƙasa domin ruwa ya ɗiga waje.

Mai karatu zai lura cewa aikin ya ratsa sana'a uku: mai gyaran babur, da mai naɗin koyil da wayarin, da mai injin sassaƙa ƙarfe. Dukansu akwai su a Jimeta. Abin da babu shi ne rumfa ɗaya da ta haɗa su, saboda haka mai babur ne ke yawo da ƙafa a hannu daga wannan zuwa wancan, kowa ya yi nasa ya karɓi kuɗinsa, kuma in abu ya ɓaci babu wanda zai ɗauki laifi.

Ina za a samo shi?

Wannan ita ce tambayar da ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Masana'antun da ke ƙera waɗannan injuna a biranen Wuxi da Tianjin da Taizhou da Suzhou suna ɗaukar inji a matsayin abu guda. A can, inda sabon inji ke da araha kuma ladan ma'aikaci ke da tsada, in aksul ya karye sai a sauya ƙafar dungum. A nan lissafin a juye yake: hannu yana da araha, kayan waje ne ke da tsada. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da ake canzawa a wajen Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ke cikin injin nan da dala aka saye shi, kuma mafi tsadarsa, watau maganaɗisu da jan ƙarfe, yawanci lafiyarsu ƙalau a lokacin da aksul ya karye. Ƙasar Sin ce ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na irin wannan maganaɗisu a duniya, kuma a watan Afrilu na 2025 ta sanya takunkumin neman izini a kan fitar da wasu nau'o'insa. Jefar da inji saboda sandar ƙarfe daidai yake da yanka saniya saboda igiyarta ta tsinke.

To me ya hana diloli ajiye aksul a shago? Amsar farko ita ce babu ma'auni guda. Kauri ya bambanta, akwai mai milimita 12 da 14 da 16, tsawo ya bambanta, wurin zaman boris da girman tsaga da gefen da waya ke fita duk sun bambanta, har a tsakanin injuna biyu masu kama da juna a ido. Da yawa daga baburan da ke shigowa ba su da sunan masana'antar da za a iya komawa gare ta. Mai shigo da kaya ya sayi kwantena ɗaya daga wannan kamfani bana, baɗi ya sami mai rahusa a wani gari ya koma can. Amsa ta biyu ita ce tsadar jari. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma ya ɗara haka. Ɗan kasuwar da ya ajiye aksul iri goma yana jiran wanda zai zo nema bayan wata shida, ya binne kuɗinsa ne. Ya fi masa ya ajiye caja da taya da batir, masu fita kullum. Ta fuskarsa ya yi daidai. Ta fuskar kasuwar gaba ɗaya kuwa, kowane babur da ke jingine a zaure talla ce da ke hana maƙwabta biyar saye.

Daɗin daɗawa ga nisa. Kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,200 kafin su iso Jimeta, galibi bayan sun ya da zango a Kano ko Onica. Wanda ya aika a nemo masa aksul, ya tura hoto ta waya, yakan jira kwanaki, kuma abin da direba zai sauke masa a tashar Jambutu yana iya zuwa da bambancin milimita biyu da zai hana shi shiga. A tsawon kwanakin nan yana biyan kuɗin Keke Napep, watau ribar da ya sayi babur domin ta tana zuba ta wani gefen.

Waɗanda suka ga shigowar baburan Jincheng a ƙarshen shekarun 1990, da na Bajaj daga bayansu, za su tuna cewa ba araha kaɗai ta ba su kasuwa ba. 'Yan kasuwar Nnewi sun cika ƙasar da kayan gyaransu, har ta kai ga babu ƙauyen da za a rasa fulogi ko sarƙa ko yaron da ya iya kwance injin. Babur mai lantarki bai kai wannan matsayi ba tukuna. Gwamnatin Tarayya ta cire harajin VAT a kan abubuwan hawa masu lantarki a watan Oktoba na 2024, abin da ke taimaka wa mai shigo da sabo, amma rangwamen haraji ba ya koya wa kowa fitar da aksul.

Mafita mafi kusa tana hannun masu injin sassaƙa ƙarfe. Wanda ke gyara shaf ɗin injin niƙa da na famfon ban-ruwa ga manoman fadamar Binuwai yana iya sassaƙa wannan ma, in an kawo masa tsohon ya auna. Sharaɗin shi ne ƙarfen. Rodin gini ko ƙarfen ƙofa ba za su yi ba, suna da laushi, gefunansu za su murje cikin 'yan makonni. Ana bukatar ƙarfe mai gauraye irin wanda injiniyoyi ke kira EN19 ko 4140, kuma tsohon shaf ɗin mota yana iya zama madogara mai kyau, duk da cewa taurinsa yana cin baƙin abin yanka. Haka nan inda kauri ke sauyawa a jikin sandar, kada a bar kusurwa mai kaifi, a ɗan lanƙwasa ta, domin daga irin wannan kusurwa tsagewa ke farawa. Wannan ilmi ne da sassan koyar da injiniyanci na Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa ke koyarwa a aji, kuma kwas na 'yan kwanaki ga masu sana'ar zai isa ya sauko da shi kasuwa. Mai sassaƙar da ya ajiye littafi yana rubuta ma'aunin kowane aksul da ya ratsa hannunsa, cikin shekara guda zai san iri huɗu ko biyar da suka fi yawa a gari, ya riƙa yin su tun kafin a zo nema. Ko shi ma yana da nasa cikas, domin injinsa da wuta yake aiki, kuma mutanen Yola ba su manta da makonnin da suka yi cikin duhu ba bayan an lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilu na 2024.

Dila ma yana da abin yi wanda bai kai tsadar cika shago da kaya ba. Yana iya tsayawa a kan samfuri ɗaya ko biyu, ya sa wa mai kawo masa kaya sharaɗin haɗo aksul da boris da wayar inji kaɗan a cikin kowane lodi, ya kuma nemi zanen ma'aunin aksul ɗin daga masana'anta, wanda takarda ce guda. Yana iya kiran mai saye ya dawo bayan mako biyu a sake ɗaure masa noti kyauta, aikin minti biyar da sifana, domin a makonnin farko ne noti ya fi sassautawa yayin da fenti da washa ke zama. Mai saye kuma, kafin ya ƙirga kuɗi, ya duƙa ya dubi bayan babur: akwai washa mai harshe, akwai kaurin ƙarfe a inda aksul ya zauna, ta ina waya ta fito, kuma garantin da aka faɗa masa da baki ya haɗa da inji ko batir kawai yake nufi.

Akwai kuma wata hajar da a yanzu ake sayar da ita a kan sikeli. Injin da koyil ɗinsa ya ƙone yawanci aksul ɗinsa lafiya lau yake, wanda aksul ɗinsa ya karye kuma koyil ɗinsa da maganaɗisunsa ba abin da ya same su. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna fasa duka biyun domin su ciri jan ƙarfe su auna da kilo. Makaniken da ya riga su saye, ya jera matattun injuna a bayan rumfarsa ya rubuta wa kowanne ma'auninsa, zai iya tayar da inji ɗaya daga kowane biyu, a kan kuɗin da bai kai na sabo ba, kuma ba tare da jiran motar Kano ba.